Attajirin zai cike mana giɓi, amma yana son a ɗauki ɗansa

Salamu alaikum Yaya. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da sarrafa murya a wata makarantar koyon wasan kwaikwayo. Wata takwas da suka wuce aka ɗora mini shugabancin sashen neman tallafi da bunƙasa makarantar, wai saboda na san mutane kuma na iya magana. An yanka mini adadin da zan tara a bana, ga shi saura wata huɗu, abin da ya shigo bai kai rabi ba. Ɗalibai bakwai ne karatunsu ya rataya a kan wannan kuɗi.

Akwai wani attajiri da ya yi alkawarin cike giɓin gaba ɗaya, har da gyaran ƙaramin zauren wasanmu. Sai dai duk zaman da muka yi sai ya sako maganar ɗansa, wanda ya zo gwajin shiga sau biyu bai ci ba. Bai taɓa fitowa fili ya ce sai an ɗauke shi ba, amma ni ba yarinya ba ce. Na kai wa shugaban makaranta maganar, ya ce, "Ki dai lallaɓa shi, kar ya kuɓuce mana." Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Barci ya ƙaurace wa idona. Ji nake kamar na zama maroƙiya, har abokan aikina na da kallon da suke mini ya sauya. In karɓa ne, in ƙi ne, ko in ajiye aikin in koma aji?

Ƙanwarki mai neman mafita.

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar shugabanki. Ya ɗora miki kayan da ba naki ba, ya koma gefe ya naɗe hannu. In kuɗi ya shigo lami lafiya, a ce makaranta ta yi nasara a zamaninsa. In magana ta fasu, ke ce kika zauna da attajirin, ke aka gani. Karɓar kyauta mai sharaɗi ko ƙin ta hukunci ne na shugaba da kwamitin amintattu, ma'aikaciya ɗaya ba ta yanke shi ita kaɗai cikin dare. Zan dawo kan wannan. Bari in fara ba ki amsar da kika zo nema.

Kada ki karɓi kuɗin nan da wannan sharaɗi, ko an furta shi ko an bar shi a zuci.

Kin fi ni sanin dalili, tunda shekara goma sha ɗaya kina cikin aji. Makarantar wasan kwaikwayo ba ta da dukiyar da ta wuce amincin gwajinta na shiga. Dubi makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan, wadda aka kafa tun 1904: dubban matasa ke neman shiga kowace shekara, waɗanda ake ɗauka a ajin koyon wasa ba su cika kai talatin ba. Abin da ke sa daraktoci da masu neman sababbin 'yan wasa su bar ayyukansu su zo kallon wasan ɗaliban shekarar ƙarshe shi ne sun yarda da rariyar da ta tace yaran. Ranar da aka ji cewa rariyar ta huje, takardar shaidar kowane ɗalibi ta yi sauƙin daraja, har da ta bakwai ɗin da kike ƙoƙarin ceta.

Kuma wannan karatu ne da ba a ɓuya a cikinsa. A babban zauren lacca mai ɗaukar mutum ɗari biyar, ɗalibi mai rauni zai iya lafewa a kujerar baya har ya gama. A wajenku fa? Yara ashirin ne ko ƙasa da haka, shekara uku suna tare safe da yamma, ƙafa ba takalmi, kowa na jin numfashin kowa. Ki tuna yadda aji ke yin tsit idan ɗalibi ya tsaya a tsakiya ya kasa fitar da layi ɗaya daga ƙirjinsa, kin maimaita masa sau uku, sauran sun sunkuyar da kai suna kallon ƙasa. Yanzu ki ƙara da cewa kowa a ɗakin ya san yadda ya shigo. Za su sani, kada ki yi shakka, irin wannan magana ba ta kwana. Yaron nan za a fi cuta. Uban yana ganin gata yake masa, alhali shekara uku na wulaƙanci yake saya masa da kuɗinsa. Sannan gurbin da za a ba shi na wani ne, wani yaro ko yarinya da kika wuce a baranda ranar gwaji yana ta maimaita haddarsa a hankali, hannu na rawa.

Ga kuma abin da Hausawa suka riga suka faɗa: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bana shiga ce. Baɗi a ce me ya sa ba a ba shi babban matsayi a wasan ƙarshen zango ba. Bayan nan a ce malamin da ya ba shi maki kaɗan yana da wata manufa. Ke da kika buɗe ƙofar, ke za a riƙa bugo wa waya.

Amma tsaya, kada ki yanke wa mutumin hukunci tukuna. Da bakinki kika ce bai furta sharaɗin ba. Mai yiwuwa ciniki yake so, mai yiwuwa kuma uba ne kawai da ya ga ɗansa ya dawo gida sau biyu fuska a murtuke, ya rasa wanda zai gaya masa gaskiya, ke kuma kaɗai ce 'yar makarantar da yake zama da ita. Masu kuɗi da yawa sun daɗe ba su ji an ce musu a'a cikin mutunci ba, wasunsu kuma suna girmama wanda ya iya faɗa. Muddin kina kewaye-kewaye, shi ma zai ci gaba da kewayawa, kowannenku yana fassara shirun ɗan'uwansa yadda ya so. Lallaɓawar da aka ce ki yi ita ce mafi hatsari, domin ran da ya sa hannu a takardar banki yana zaton an yi alkawari, ke kuma kin san ba a yi ba, kin ci amanarsa ko da ba ki yi ƙarya da baki ba.

Saboda haka ki nemi zama da shi, ki je tare da shugaban makaranta ko ɗaya daga cikin amintattu, ki raba maganar gida biyu. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake son in fayyace don kada a samu rashin fahimta a gaba. Maganar gudummawarka daban, maganar yaro daban. Ba ni da hannu a gwajin shiga, kuma babu kyautar da ke taɓa shi, taka ko ta wani. In ka ba mu, za mu yi farin ciki, mu nuna maka inda kowane kwabo ya tafi. In ka fasa, mutuncinka na nan a wurinmu." Daga nan ki ba yaron abin da za a ba ɗan kowa: damar sake gwadawa, gajerun kwasa-kwasan share fage in kuna da su, bayanin inda ya gaza in al'adar makarantar ce ta yi wa kowa bayani. Ki kuma tuna masa cewa dandamali ba 'yan wasa kaɗai ke riƙe da shi ba, akwai masu haske, masu sauti, masu tsara fage, masu tafiyar da shiri daga bayan labule. In yaron zai sake zuwa gwaji, ki nisanci ɗakin, kuma kada alƙalan gwajin su san komai game da kuɗin.

Akwai abubuwa da yawa da za ki iya ba mai kyauta da zuciya ɗaya. Suna yana cikinsu. A 2021 wani attajiri mai suna David Geffen ya ba makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Yale a Amurka dala miliyan 150. Aka sa wa makarantar sunansa, aka kuma ɗauke wa duk ɗalibanta kuɗin karatu. Wannan musaya ce da aka yi a bainar jama'a, kowa ya ga abin da aka bayar da abin da aka samu. In attajirinki zai gyara ƙaramin zauren nan, a rubuta sunansa ko na mahaifiyarsa a bakin ƙofa, babu laifi. Sai dai ki sa wa'adi a yarjejeniyar, shekara kaza, kada ki rubuta "har abada". A New York akwai wani babban zauren kiɗa da ya ɗauki sunan Avery Fisher tun 1973 saboda kyautar da ya yi. Da aka tashi neman kuɗin sabunta ginin bayan shekara arba'in, sai da aka biya iyalinsa dala miliyan 15 kafin a iya cire sunan a ba wani. Ki ba shi kujerar gaba a daren buɗe wasa, ki aika masa rahoto, ki gayyace shi ya ga atisaye in malamai sun amince. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki jera ɗaliban da ke cin tallafi a gabansa suna ba da labarin talaucin gidajensu. Wanda ya so ya yi godiya da kansa, ya yi. Wanda bai so ba, a ƙyale shi da mutuncinsa.

Yanzu maganar roƙo, wadda na san ita ce ke cin ki a ciki.

Ki zauna ki yi lissafin abin da ake kashewa a kan ɗalibi ɗaya a wajenku. Malamin murya, malamin motsa jiki, malamin rawa, malamin faɗan dandamali, wasu darussan ma mutum ɗaya da malami ɗaya. Ga wasanni da ake shiryawa da kayan sawa da fitilu da kafintoci. Aji ba ya faɗaɗuwa, domin da zarar an cusa mutum sittin a ciki horon ya mutu. Kuɗin makaranta ba ya ɗaukar wannan nauyi sai in an tsauwala shi har ya zama 'ya'yan masu hali kaɗai ke shiga. Shi ya sa manyan makarantun nan da ake jin sunansu suka tashi a kan kyauta. Sashen wasan kwaikwayo na Yale da kansa da kyautar dala miliyan ɗaya ta attajiri Edward Harkness aka kafa shi a 1924.

Labarin da na fi so shi ne na shahararren marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw. Marubucin ya shafe shekaru masu yawa a majalisar gudanarwar RADA, yana shiga yana fita, ya san malamai, ya san ɗalibai. Da ya rasu a 1950, wasiyyarsa ta bar wa makarantar kashi ɗaya cikin uku na abin da rubuce-rubucensa za su riƙa samarwa. Shekara shida bayan haka aka mayar da wasansa Pygmalion wasan waƙa mai suna My Fair Lady, ya karɓu a duniya, daga baya aka yi fim ɗinsa, kuɗi ya yi ta kwarara zuwa makarantar shekara da shekaru. Abin lura shi ne babu wanda ya tare Shaw a wata liyafa ya karɓe wannan kyauta a dare ɗaya. Zama ne ya yi zama har ya ɗauki wurin kamar gidansa. Aikinki ke nan: ki sa mutane su san makarantar har su ji tasu ce. Kuma ko wannan rijiya ta ƙafe, domin haƙƙin mallakar ayyukan Shaw ya ƙare a ƙarshen 2020, shekara saba'in bayan rasuwarsa.

Maroƙi don cikinsa yake yi, kuma ba ya komawa ya ba da bayanin abin da ya karɓa. Ke don wasu kike nema, kina ba da rasit, kina komawa da rahoto. Na taɓa yin irin aikin nan a wata ƙaramar ƙungiya, kuma ba na manta ranar da na fara zama gaban wata dattijuwa da muka daɗe muna zumunci. Na faɗi adadin da muke nema, sai ta yi shiru tana juya zoben hannunta. Shirun bai fi na numfashi uku ba, amma ya yi mini nauyi, na yi maza na ce ko rabi ma ya isa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ai lissafi nake yi ta wane asusu zan fitar." Rabin ta bayar, tunda shi na roƙa a ƙarshe, yara biyu kuma suka rasa gurbi a shekarar. Tun daga ranar na gane cewa kunyata ba ta amfani kowa ba. Ki faɗi adadi ƙarara, ki faɗi abin da zai yi, ki kama bakinki ki jira.

Abin da ya jefa ki cikin wannan ƙunci tun farko shi ne rijiya ɗaya kike kallo. Duk makarantar da numfashinta ke hannun mutum guda, to shi ke mulkinta ko bai nema ba. Kuma rufewar makaranta ba tatsuniya ba ce: a watan Afrilun 2022 makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ALRA da ke Ingila ta rufe ƙofa kwatsam saboda matsalar kuɗi, ɗalibai suna tsakiyar karatu, sai wata makarantar ce ta buɗe musu ƙofa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A wata huɗun da suka rage, ki cire gyaran zaure daga lissafi, zai iya jira. Ki fitar da ainihin abin da ɗalibai bakwai ke bukata su ƙarasa shekara. Za ki ga ya fi adadin da aka yanka miki ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ya fi sauƙin faɗa, don mutum ya fi saurin buɗe hannu in an ce masa karatun yarinya ɗaya na shekara ɗaya, a kan a ce masa giɓin kasafi. Ki fara da waɗanda suka taɓa bayarwa, ko sau ɗaya ne, ko kaɗan ne. Ki duba ko an taɓa gode musu yadda ya kamata. Sau da yawa za ki tarar an karɓa an yi shiru, sai da bukata ta sake tasowa aka tuna da su, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kira su da bakinki, ki fara da godiya da labarin abin da kuɗinsu ya yi.

Sai tsofaffin ɗalibai, kuma a nan kina da abin da ƙwararren mai tara kuɗi daga waje ba zai taɓa samu ba: ke kika koya musu numfashi. Yawancin 'yan wasa ba masu kuɗi ba ne, aikinsu yau akwai gobe babu, don haka kada ki nemi mai yawa. Ɗan abin da za a riƙa cira kowane wata daga mutum ɗari ya fi kyauta ɗaya mai igiya a wuya. Wanda ya yi suna a cikinsu kuma, darensa ɗaya a dandamalinku zai iya cika zaure. Amintattu su ma ba ado ba ne. Kowannensu ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, ya kuma raka ki wurin mutum biyu da ya sani. Gidauniyoyi ki rubuta musu yanzu, amma ki sa a ranki amsarsu ta baɗi ce, sukan ɗauki watanni. Kuma duk tsanani kada ki taɓa kuɗin da aka bayar don wani abu takamaimai ki toshe wata ɓaraka da shi. Wanda ya ba da don tallafin karatu, a tallafin karatu zai tafi.

In ƙura ta lafa, ki fara maganar waƙafi da wasiyya. Asusun waƙafi ana juya uwar kuɗin ne, a riƙa cin kashi huɗu zuwa biyar cikin ɗari a shekara, wato tallafin da zai dawwama yana bukatar a ajiye ninkinsa ashirin zuwa ashirin da biyar. Aiki ne na shekaru, amma shi zai sa wadda za ta gaje ki ta yi barci.

Mu koma kan shugabanki. Ki rubuta masa takarda, shafi ɗaya: ranakun da kuka zauna da attajirin, abin da ya faɗa da kalmominsa, abin da kike ba da shawara, da roƙon a kai maganar gaban amintattu. A ciki ki nemi a rubuta wa makarantar ƙa'idar karɓar kyauta, wadda za ta fayyace cewa ɗaukar ɗalibai, ba da maki, raba matsayi a wasa da zaɓen wasan da za a yi ba sa shiga ciniki, ta kuma faɗi wanda ke da ikon ƙin kuɗi in tushensa ya zo da tambaya. Matasa suna lura da wannan fiye da yadda manya ke zato. A 2019 kamfanin wasanni na Royal Shakespeare ya yanke hulɗa da kamfanin mai na BP, wanda ke tallafa wa tikitin fam biyar na matasa, bayan matasan da kansu sun nuna ba sa so. Da ƙa'ida a rubuce, in kin ce a'a, makaranta ce ta faɗa, ba ke ba. A takardar kuma ki faɗi gaskiya cewa adadin bana da wuya a cim masa, ga abin da za a iya, ga tsarin ceton yara bakwai. Gara su ji yanzu da su ji a watan ƙarshe.

Batun ajiye aiki, ban ga lokacinsa ba. Wata takwas ba su isa a auna mai wannan aiki ba, domin abin da aka shuka bana sai shekara biyu ko uku yake nuna. Iyaka ɗaya zan shata miki: in aka umarce ki ƙarara ki yi wa attajirin alkawarin gurbi, ki ce ba za ki yi ba, ki nemi a mayar da ke aji, ki tafi da hannunki a wanke. Kafin nan, ki roƙi a bar miki darasi ɗaya a mako. Zai riƙe miki zuciya, kuma abokan aikin da kallonsu ya sauya za su riƙa ganin ki ƙafa ba takalmi kamar da. Ki zauna da su ki buɗe musu lissafin, ki ambaci yara bakwai ɗin nan da su ma suke koyarwa. Ina kyautata zaton wasunsu za su ɗauko wayoyinsu su fara nemo lambobin tsofaffin ɗalibai tun kafin ki gama magana.

Takardar shugaba ki rubuta ta yau da dare, ki miƙa gobe da safe, sannan ki kira attajirin ki nemi ranar zama. In kun gana, ki rubuto mini yadda kuka yi. Allah ya dafa miki.

Yayarki.